Tsohuwar Roba Ba Ta Fita da Ranta

Salamu alaikum, jama'ar da ke bibiyar rayuwata kamar ba ku da wanki a gida. Raudarku ce ta Kura, wadda kuka cika wa ƙasan rubutu da guɗa da addu'a tun ranar da na ce Allah ya kawo miji. Baiwar Allahn da ta rubuto cewa har ta zaɓa mana anko, don Allah ki mayar wa mai shago da atamfarsa tukuna, ki zo ki zauna. Sababbin zuwa ku ma ku matso, ba za ku ɓata ba, wautata ba ta da wuyar ganewa.

Ina aiki a wani kamfanin yogot da ke kan hanyar Kura zuwa Garun Malam. In na ce kamfani kar ku hango ni a kujera mai juyi ina kaɗa biro. Kwance bawul nake yi. Duk bututun da madara ke bi yana da bawul mai buɗewa da rufewa, kuma a cikin kowane bawul akwai wata baƙar roba mai faɗin tafin hannu. Ita ake dannawa a kan wani ɗan tudun ƙarfe ta tare madara, a ɗaga ta madara ta wuce. Kullum robar nan cikin azaba take, ga matsa, ga ruwan zafi da soda a lokacin wanki. Wata rana sai ta gaji ta fara faso irin na dunduniyar manomi. Madara ta shige cikin fason, wanki ba ya kai mata, ta yi tsami a ɓoye, ta lalata duk abin da ya bi ta kanta. Daga nan sai a ga gorunan yogot sun kumbura a shaguna, ko yaro ya sha cikinsa ya ɗauka.

Don haka aikina shi ne in kashe layi, in tsiyaye shi, in kwance notuna, in zaro robar, in lanƙwasa ta a gaban fitila, in bi ta da yatsa, sannan in shinshina. Ƙwarai, shinshinawa. Diflomar da Baba ya sha wahala a kanta a hancina ta ƙare.

Wadda ta koya min aikin ita ce Anti Salama, shugabar sashenmu. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Bunkure, Kirista, doguwa, ba ta da yawan dariya, amma in ta kawo dambu daga gida sai ta tabbata kowa ya ci. Doka ɗaya gare ta da take maimaitawa har mun haddace. Duk robar da aka cire, ko da a ido lafiyarta ƙalau, sai an sa wuƙa an raba ta biyu kafin a jefa ta a shara, don kar wani ya tsince ta ya sake ɗaurawa.

"Rauda, tsohuwar roba ba ta fita daga ɗakin nan da ranta," haka take cewa.

Ni kuma in ce, "To Anti," da muryar mutanen kirki.

A gida kuwa ba a ganin aikin nan da gashi. Umma ba ta cika magana ba, sai dai ajiyar zuciya in an kawo katin bikin wata ƙanwar bayana. Mai maganar ita ce Gwaggo Zuliha, yayar Baba, wadda gidanta ke bayan namu amma a tsakar gidanmu take wuni.

"Mace da sifana!" in ji ta, duk ranar da na dawo. "Ke kullum ƙafa cikin takalmin ruwa, kai cikin hular raga, jiki na tashin tsami kamar ƙwaryar Fulani. Wane namiji ne zai tsaya? Sa'anninki suna goyon na uku, ke kina goyon roba."

Tun ina ramawa har na koma yin shiru, don gaskiya maganar tana shiga. In na kwanta hutun rana ran Lahadi nakan shinshina hannuna in ji ko da gaske ne.

Ana cikin haka Mudassiru ya faɗo rayuwata. A bakin ƙofar kamfani na fara ganinsa, ya jingina da babur, shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, ya ce saƙo ya kawo sito. Ya tambaye ni sunana, na ja aji na kwana biyu, a na ukun na ba shi lamba da hannuna har ina gyara masa inda ya yi kuskure. Ɗan Bunkure ne, yana noman tumatir da shinkafa a bakin kanal. Iyayensa sun rasu, ƙanin mahaifinsa Alhaji Hambali ne ya riƙe shi, mai shagon kayan inji a cikin Kano.

Abin da ya kashe ni da shi, shi kaɗai ne namijin da bai toshe hanci da aikina ba. Tambaya yake yi. Yaya ake gane robar ta gaji? Wane girma kuka fi amfani da shi? Sau nawa ake canzawa? Ni kuwa baki har kunne, ina zuba bayani a zaure kamar mai lacca. Na ce wa Umma, "Kin ga mai ilimi ko? Sha'awar abin da nake yi yake." Umma ta ce Allah ya sa.

Wata ranar Juma'a da yamma saƙonsa ya shigo.

"Bebina, wai tsofaffin robobin nan ina kuke kai su?"

"Yankawa muke mu zubar."

"Subhanallahi! Wannan ai almubazzaranci ne. Ni ga injin ban ruwana nan yana yoyo, ga famfon feshi, duk irinta nake nema in yanka in toshe."

"To in kawo maka yankakkun?"

"Haba my Rauda, yankakkiya me za ta yi min? Mai rai nake so. Ba ki ji an ce da tsohuwar zuma ake magani ba?"

Sai ya biyo da hoton zuciya ja har guda uku. Jama'a, zukatan nan uku su suka ci ni da yaƙi. Na ce a raina, injin ban ruwa ai ba bakin mutum ba ne, ruwan kanal zai tura cikin gona, wa aka cuta? Daga ranar, duk lokacin canji sai in yanka wasu in jefa a shara inda Anti za ta gani, sauran in naɗe a leda in tura cikin kular abincina, in rufa hijabi a kai, in wuce mai gadi ina masa sannu da aiki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku, don kunyarsa ta fi ta satar. A bayan ɗaya daga cikin robobin, ɓangaren da ba ya taɓa madara, kusa da ƙusar da ake murzawa, na sa tsinin wuƙa na zana 'yar ƙaramar zuciya da kibiya ta huda ta. Ni, mai shekara ashirin da bakwai. Na yi ta hango shi a gona, rana ta take, ya juya robar zai yanka, ya ga zanen, ya yi murmushi ya kira ni. Na yi ta duba waya. Bai taɓa ambata ba. Har fushi na yi na wuni guda, daga baya na ba shi uzuri na ce maza ba su da lura.

Magana ta yi nisa. Ya fara turo hotuna ta WhatsApp, wai in zaɓa, yana haɗa lefe a hankali. Atamfa mai ganye, leshi ruwan zuma, shadda, mayafai, takalmi da jaka mahaɗi. Ina nuna wa Umma tana murmushi tana kawar da kai. Gwaggo Zuliha kuwa ta karɓe wayar ta kai ta har gidan maƙwabta. Rana ɗaya na tashi daga mai goyon roba na koma "'yar albarka, ai ni na san jinkirin nan alheri ne". Aka tsayar da Asabar bayan la'asar manyansa za su zo wurin Baba neman aure, Alhaji Hambali ne a gaba.

Ranar Asabar ɗin gidanmu ya tashi da ƙamshin suya. Cincin a babbar roba, alkaki, dubulan, kaji a kasko, an shimfiɗa sabuwar darduma a zaure. Umma ta ce kar in je aiki. Na ce ranar canjin roba ce, an tsayar da layi saboda ita, kafin azahar na dawo.

"Yau ma sai kin je kin kwaso tsamin?" in ji Gwaggo. "To wallahi kina dawowa zan turara ki har sai kin yi tari."

Na isa, na sa farar riga da hular raga da safar hannu. Muka kashe layi muka tsiyaye. Na kwance bawul na farko, na zaro tsohuwar robar na ajiye. Anti Salama ta shigo da kwali daga sito ta dire a kan teburin ƙarfe.

"Ga sababbin. Manaja ya samo wani dila a Kano, wai nasa sun fi sauƙi. Duba min su kafin ki ɗaura, zan leƙa wajen tanki."

Kowace roba na cikin ledarta a liƙe, baƙa wuluk, tana sheƙi. Na farke ɗaya. Kafin idona ya ga komai hancina ya riga shi. Sabuwar roba warin taya take yi, ɗan ɗaci-ɗaci. Wannan kuwa ƙamshin basilin take da sabulun wanki. Na duba ɗan kunnen da ake buga kwanan watan ƙira a jiki, na ga an goge shi sumul. Na shafa tsakiyarta, yatsana ya faɗa wani siririn gurbi, sawun tudun ƙarfen nan da roba ba ta samunsa sai ta daɗe tana aiki. Na lanƙwasa ta a gaban fitila, faso ya buɗe baki.

Raina ya ɓaci, har na fara tsine wa dilan a zuci. Wane marar tsoron Allah ne wannan? A ina ma ya samo tsofaffin da ba a yanka ba? Na farke ta biyu, haka. Na farke ta uku, na juya bayanta.

Zuciyata ce. Ga kibiyar nan a karkace yadda hannuna ya goce ranar. An wanke ta, an shafe ta da mai, an sa ta a leda, an dawo min da ita da rasit.

Ban san lokacin da na zauna a kan bokiti ba. Ba a shiga da waya ɗakin aiki, sai na tura robar a aljihu na fita ɗakin canza kaya, na kira Mudassiru. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Amarya! Yanzu nake wajen mai guga karɓo babbar rigar Alhaji."

"Mudassiru, yaya injin ban ruwa?"

"Inji? Lafiya lau. Me ya faru?"

"Ya daina yoyo?"

Ya yi 'yar dariya. "Wai yau kuma inji ake tambaya?"

"Ga robar da na ba ka a hannuna. A cikin kwalin sababbi na same ta."

Ina jin ƙarar babura a bayansa. Da ya amsa muryar ta sauya, ta yi ƙasa, irin ta mai ciniki.

"Ta yaya kika san taki ce? Roba ai duk roba ce."

"Na yi mata zane a baya."

"Zanen me?"

Kun ji fa. Zanen me. Ashe ko juya ta bai taɓa yi ba. Wallahi a wannan lokacin wannan ya fi yi min ciwo a kan komai, ku yi min dariya in kun ga dama.

"Bebi, saurara," ya ce. "Kuskure aka yi, ba kamfaninku aka ce yaran shago su kai wannan kwalin ba. Alhaji yana da masu saye a wasu wurare, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Robobin nan da sauransu, ke da bakinki kika ce wasu a ido lafiyarsu ƙalau."

"A ido na ce. Abinci fa ake bi da shi ta kai, Mudassiru. Yara ke sha."

"Wa ya mutu? Ki ɗaura kawai, wata uku ki cire abinki, ba mai sani. Yau fa ranarmu ce, kar ki ɓata mana ita a kan roba."

"Ka ce min gona za ka kai."

Sai ya yi tsaki, karo na farko tun da na san shi.

"Rauda, ke yarinya ce? Tumatir ɗin da ya ruɓe a kwando bana kowa ya gani. Da me kike tsammani nake sayen leshi da atamfofin da kike zaɓa?"

Na kashe wayar. Na tsaya ina kallon kaina a ɗan madubin da ke jikin ƙofa, hular raga ta karkace, ido ya yi ja. Wato ni na yi wa kaina lefe. Ni na sato, ni na fitar a kula, ni na zaɓi kala, har ina cewa a ƙaro mayafi ruwan hoda. Duk tambayoyin nan na zaure da nake cewa sha'awar ilimi ce, ashe kallon kitse nake wa rogo.

Zan so in ce muku daga nan na fita da ƙarfin imani na tona gaskiya. Ƙarya ne. Komawa na yi gaban bawul ɗin da na bari a buɗe, na ɗauki ɗaya daga cikin na kwalin, na murza ƙusarta, na daidaita ramukan, na mayar da murfi, har na kama noti na farko da sifana. Ina ɗaurawa ina lissafi. In na yi shiru, la'asar na yi za a karɓi goro. In na yi magana, tambayar farko da za a yi ita ce ta ina tsofaffin suka fita, amsar kuma tana cikin kulata. Ga aiki zai tafi, ga miji zai tafi, ga Gwaggo Zuliha na nan daram. Na tuna kajin Umma. Na tuna yadda jiya ta kira ni ɗaki ta ba ni 'yan kunnenta na zinare ta ce in sa yau.

Ana ɗaure notunan ne a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan, don robar ta zauna daidai. Hannuna ya san aikin ko ba ni. Na kai kan na biyu sai na jiyo hayaniyar matan ruga ta taga, sun kawo madarar safe suna jiran a auna. Na san abin da ke faruwa in tanki ya lalace. Ba a fara tuhumar roba. Su ake fara tuhuma, a ce ba su wanke bokiti ba, a ce sun haɗa da ta jiya, a mayar da su gida da kayansu a ka. Na taɓa ganin Inna Hajara, tsohuwar da ke jagorantarsu, tana rantsuwa da hawaye a bakin ƙofar nan. Kuma yogot ɗin nan shi nake kai wa Baba kullum ya dama fura.

Na kwance notin. Na zaro robar. Na ciro ta aljihuna, mai zanen, na ɗora a kan katako, na ɗauki wuƙar Anti Salama na danna. Tauri gare ta, sai da na hau da nauyina.

"Ke! Rauda! Sababbin kike yankawa?"

Anti ce a kaina. Na miƙa mata ɓari biyun. Ta kai gaban fitila. A bakin yankan ana ganin fason ya nutsa ciki, da wani farin abu a maƙale, tsohuwar madarar da duk wankinsu da basilinsu bai fitar ba. Ta shinshina ta yamutsa fuska. Sannan ta juya bayan, ta haɗa ɓarin biyu, ta ƙura ido.

"Wannan kuma tambarin wane kamfani ne?"

"Nawa ne, Anti."

Na faɗa mata komai, a tsaye, majina na zuba, ba damar sharewa saboda safar hannu. Na zaci za ta yi ihu. Da ma ta yi. Kallona kawai ta yi har na gama, sannan ta ja numfashi.

"Shi ne wanda za su zo yau?"

Na gyaɗa kai.

"Na gode wa Allah da hancinki ya fi zuciyarki hankali," ta ce. "Yau ba za a tada layi ba, zan kira manaja a san yadda za a yi da madarar bayin Allahn nan. Ran Litinin ki zo ki faɗa masa da bakinki yadda robobin suka fita. Ba zan faɗa miki ba, ba kuma zan rufa miki ba. Abin da ya yanke shi ke nan."

"To Anti."

"Wannan 'to Anti' ɗin na sha jin ta. Ɗauki wuƙa ki ƙarasa sauran, ki bar biyu a nuna wa manaja. Aikinki ne tun farko."

Haka na tsaya na yanka lefena ɗaya bayan ɗaya. Da zan fita ta miƙo min ɓari biyun nan masu zane ta ce, "Wannan taki ce, kamfani ba ya buƙata."

A cikin Adaidaita wayata ta yi ta ƙara. "Bebi ki ɗauka." "Wasa nake miki." "Mun taso fa." Can sai ga wani: "Ki tuna ke ma da hannunki a ciki. In ta fashe ba ni kaɗai za ta jiƙa ba." Babu jar zuciya ko ɗaya a ƙarshensa. Na kifa wayar a cinya ina kallon gonakin shinkafa, ruwa na bin kwalbati, injuna na ta tuƙa ruwa abinsu ba tare da robata ba.

Ina shiga gida Gwaggo ta cafke ni. Wanka, humra, ta tsugunar da ni a kan kaskon turaren wuta ta lulluɓe ni da bargo. Ta sa ni cikin leshina mai ruwan goro, ta kafa min ɗauri, Umma ta sa min 'yan kunnen da hannunta. Ban yi musu ba. Sai da aka yi sallar la'asar muka ji tsayuwar mota da sallamar maza a zaure, sannan bakina ya buɗe. Na zazzage musu labarin a ɗakin Umma, na ajiye ɓari biyun a kan gado.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Roba? Saboda roba za ki kori miji yana bakin ƙofa? Ke wace irin mai baƙin jini ce wa kanta? Neman halak ɗinsa yake, kasuwa ce, kowa da dabararsa!"

"Gwaggo, faso gare su. Cutar mutane za su yi."

"Wane namiji ne ba shi da faso? Shafa mai ake a rufe, a zauna lafiya. Mu da kika gani haka muka yi."

"Shi ma abin da ya yi ke nan, Gwaggo. Mai ya shafa."

Umma dai tana zaune a bakin gado tana juya ɓari ɗaya a hannunta. Can ta ɗago ta dube ni.

"Kina sonsa?"

Ga inda zan ba ku haushi. Na ce e. Ina sonsa, har yanzu da nake rubutun nan in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. So ba bawul ba ne da za a murɗa ya tsaya.

"Za ki iya zama da shi?"

Na ce, "Umma, kullum sai na juya bayansa na duba."

Ta miƙe ta yafa mayafi ta leƙa tsakar gida. Daidai lokacin Baba ya shigo daga zaure, da farar babbar rigarsa ta Juma'a, fuskarsa a sake. Al'adarsa ce, ya ce ba zai karɓi goron 'yarsa ba sai ya sake ji daga bakinta.

"Uwata, ga baƙi sun zauna. In amsa musu?"

Na durƙusa. Na kasa haɗa ido da shi. Umma ce ta faɗa masa, a gajarce, ba ta rage laifina ba ko kaɗan, har kular abincin sai da ta ambata. Gwaggo na gefe tana cewa, "Hashimu, kar ka biye wa yarinya, surutun gari fa, an ga motarsu." Baba bai kalle ta ba. Ya karɓi ɓari biyun, ya haɗa su, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan zanen. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kika yanka kuma?"

"Ni ce."

"Satar da kika yi, ni da ke ne, ba yau ba. Ran Litinin tare za mu je wurin manajan." Ya zura robar a aljihun babbar riga, ya gyara zaman hularsa, ya juya.

Ni da Umma muka bi bayansa har bakin labulen zaure, Gwaggo ma ta biyo, tana salati ƙasa-ƙasa. Ta gefen labulen na hango tiren kajin Umma ba a taɓa ba, da ƙullin goro da alawa a gaban wani farin dattijo mai carbi, yana murmushi irin na wanda ya san an riga an gama magana. Baba ya zauna, ya sake yi musu sannu da zuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, bai yi gaggawa ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye ɓari biyun a kan darduma, kusa da goron.

"Alhaji Hambali," ya ce, "kafin mu kai ga maganar yara, ga wani kayan shagonka da aka ce in dawo maka da shi."

Carbin ya tsaya cak a hannun Alhaji. Ni kuwa ina bayan labule cikin leshi da zinare, ina ƙamshin turaren da ban taɓa yin irinsa ba a rayuwata, kuma ba wanda zai shinshina.